Karas Da Ƙasarsa

A hawa na bakwai, a birnin Tampere,
na raini Onerva kamar ƙwai a cokali.
Na wanke, na goge, na tafasa, na sake gogewa,
ko ƙuda bai san ƙofarmu ba.
Amma da ƙanƙara ta narke,
fararen itatuwa suka saki garin furensu,
sai atishawa bakwai-bakwai,
ido ja wur, hanci na zuba,
ƙirji na kukan tsohon ƙyaure cikin dare.

Likita ta ba mu abin shaƙa, shuɗi,
ta dube ni ta saman tabarau:
"Tana wasan ƙasa kuwa?"
Na ce, Allah ya kiyaye.
Ta yi shiru. Ta yi rubutu.

Watan Yuni muka bi jirgin ƙasa zuwa Savo,
gonar uwata Tuovi, bakin tafki,
inda rana ke ƙin faɗuwa har sha ɗayan dare.
Shanu goma sha huɗu, da kare gurgu,
da warin turken da na gudar wa shekara ashirin.

Ban gama kwance jaka ba, yarinya ta ɓace.
Na same ta tsugune a bayan rumbun ciyawa,
taɓo har gwiwa, takalmi ɗaya ya tafi,
tana auna wata tana da ɗan yatsa.
Maraƙi ya lashe mata kunne,
ta ƙyalƙyale da irin dariyar
da ban taɓa ji ba a hawa na bakwai.

Na zaro tsumma.
Uwata ta riƙe mini hannu, ba ƙarfi.
"Gidan da bai saba da baƙi ba," in ji ta,
"kowa ya yi sallama ɓarawo ne.
Bar jikinta ya koyi gaisuwa."
Ta tumɓuke karas, ta shafa a zaninta sau ɗaya,
ta miƙa.
Na ji ƙasa na ƙaras-ƙaras a haƙoran 'yata,
na kau da kai wajen tafki.

Can na tuna da ni:
farce baƙi, gwiwa duk tabo,
ina barci a jikin saniya mai suna Omena,
ban san atishawar fure ba har na girma.
Garin neman gira
ko na taɓa ido?

Ba zan ce ta warke ba.
Abin shaƙa na nan a aljihuna na hagu,
jiya ma sai da ta ja sau biyu.
Likita ta ce wata ƙofar da wuri ake buɗe ta,
mu kuwa mun makara kaɗan, ko da yawa.

Amma yau da yamma, a ɗakin gumi,
ina wanke mata baya, ruwa na sauka ja-ja,
na kai kan farcenta, na ga baƙin layin nan.
Na ɗauki burushi.
Na ajiye.