Na San Kowane Gangare

Masu sabuwar mota sun ce Kano shimfiɗe take
kamar faifai.
Su suka sani.
Ni da nake ajiye Karina hancinta na kallon ƙasa,
na san kowane gangare,
daga bayan masallacin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi
har ɗan tudun ƙofar makarantar da nake koyarwa.
Batirin da ya shekara huɗu ba a yi masa gatse.

Ranar ciniki, dillali Nasidi ya dafa bonet,
ya ce, "Malam, wata hajiya ce ke hawanta,
daga gida sai gidan biki."
Ban tambayi hajiya ta nawa ba.
Daga baya na tsinci rasit ɗin tasha a ƙarƙashin kujera:
Kano zuwa Gusau, mutum shida da kaya.

Sati biyu muka yi lafiya.
A na uku ta tafasa a Ɗangi, rana tsaka,
lagireto na huci kamar tukunyar ɗanwake,
wani ɗan adaidaita ya leƙo, ya ce,
"Baba, a kawo ganyen shayi ne?"
Na sayi ruwan leda takwas,
ban sha ko ɗaya ba.

Ɗanliti bakanike ba ya taɓa sifana sai ya ji tarinta.
Yakan karkata kai, ya lumshe ido,
ya ce, "Gaskit ne."
Wani watan, "Kuloci ne."
Wani watan ba ya cewa komai,
sai ya cire hula ya sosa ƙeya.
Wannan shirun ya fi duka tsada.
Daga nan sai Ƙofar Ruwa:
na Beljiyam ko na Caina?
Na Beljiyam ya cinye albashi a zama ɗaya,
na Caina ya ci rabi,
ya dawo bayan sallah ya ci sauran.

Ina da littafi, ragowar rajistar aji,
inda nake rubuta abin da ta ci.
Baƙin mai, don tana sha tana kuma zubarwa,
tabon na nan a ƙofar gida,
ko ba ta nan maƙwabta sun san makwancinta.
Filogi huɗu. Fanbel.
Shokozoba da ramukan damina suka kashe.
Taya 'yar gwanjo wadda mai faci ya haddace tabonta.
Takardu, inshora,
da tarar fitilar hagu da ta kanne ido ta ƙi buɗewa.
Fetur ban rubuta ba.
Akwai ciwon da ba a nuna wa takarda.

Wani dare Hansatu ta ɗauki littafin ta haɗa lissafi.
Ta ce, "Kuɗin nan da sun sayi fili a Gaida."
Na ce, "Fili ba ya kai yara makaranta."
Ta ce, "Ita ma ranar Talata ba ta kai su ba."
Na gyara matashi, na juya wa bango fuska.

Na mayar da ita wajen Nasidi.
Ya zagaya ta, ya shuri taya,
ya dube ni da tausayi:
"Malam, wa ya cuce ka da wannan?"
Wani ɗan gwangwan a gefe ya ce zai saya a kilo.

Muka dawo gida, ni da ita.
Duk tsawon titin Zariya ko tari ɗaya ba ta yi ba,
kamar ta ji.

Gobe bayan asuba, in Allah ya kai mu,
Iliya mai shayi zai ajiye buta,
Tukur ladan zai naɗe hannun riga.
Giya ta biyu, in saki kuloci a hankali,
ta shaƙe, ta yi atishawa, ta kama.
In ɗaga musu hannu ta tagar da ba ta rufuwa.

Shekara uku suna turawa.
Na duba littafin daga farko har ƙarshe,
babu inda na rubuta su.