Layi na Huɗu, Birnin Oulu

Ƙarfe uku saura kwata, tsakiyar Janairu,
rana ta yi mana rowa tun jiya da azahar.
Shayina ya huce. Layi na huɗu ya kama ja.
"Ɗaya-ɗaya-biyu. Me ya faru?"

Numfashi. Iska. Sai murya ƙasa-ƙasa:
"Yi a hankali. Suna cikin wayar."

An koya mana: kar ki musa, kar ki gaskata.
Tsakanin e da a'a akwai wata siririyar gada,
a kanta nake neman abincina shekara goma sha ɗaya.

"Sunana Tuovi. Kai fa?"
"Aatos. Amma sun karɓe sunan tun ran Talata."
"To, bari in riƙe maka shi."

Kwana shida bai runtsa ba.
Ya ce firji na karanto masa laifuffukansa,
ya ce ƙanwarsa Sirkka ba Sirkka ba ce,
fuskarta aka ɗinka a kan wata.
Ya toshe ƙasan ƙofa da tawul,
ya naɗe rediyo cikin bargo,
maganar ta biyo bututun ruwan zafi ta iske shi.
Shi ya sa ya fito.

"Kana ina yanzu, Aatos?"
Tsohuwar waya ce. Taswirar gabana
ta zana da'ira mai faɗin unguwa uku.
"Inda fitila ke kirana.
Ja, ja, sai ta yi shiru. Ja, ja."

Na san fitilar.
Tana can ƙolin masana'antar takarda, ƙetaren kogi.
Mai kallon ta ido da ido
ko dai yana bakin ruwa, ko yana kansa.

"Me ke ƙarƙashin ƙafarka?"
"Fari."
"Yana ƙara in ka motsa?"
"Yana magana."

Yatsuna sun riga bakina:
namiji, shi kaɗai, kan ƙanƙarar kogi,
ku zo, ban da jiniya.

"Ke ma kina jin su, ko?"
"Ba na jin su. Kai nake ji.
Ina jin haƙoranka suna haɗuwa.
Akwai takalmi a ƙafarka?"

Shiru ya yi tsawo har na duba ko layin ya yanke.
"Safa ce," in ji shi. "Sirkka ta saƙa mini."
"Wane launi?"
"Ruwan toka. Dunduniyar ta huje.
Kullum sai ta yi faɗa."

Ban ce masa komai ba,
amma a cikin wannan magana
ƙanwarsa ta koma ƙanwarsa.

"Juya wa fitilar baya. Taka ɗaya. Ƙirga mini."
Ɗaya. Biyu.
Ƙanƙara na kuka kamar tsohuwar ƙofa.
A ashirin da uku ya ja ya tsaya:
"Za ta yi fushi in na tafi."
"Ban san abin da fitila ke so ba.
Na dai san ƙafafunka ƙasa suke so."
Ashirin da huɗu.
Ya tsallake talatin, ban gyara masa ba.

Arba'in da ɗaya, sai wata murya, mai haki:
"Mun same shi." Ƙit.

Mu ba a ba mu ƙarshen labari.
Layi na biyu ya kama: tsohuwa ta zame a banɗaki.
Na shida: hayaƙi a gidan burodi.

Ƙarfe bakwai na tashi, gari bai ko yi niyyar wayewa ba.
A kan gada na sauka daga keke.
Ja, ja, shiru. Ja, ja.
Ba ta ce da ni komai ba.
Duk da haka na daɗe a tsaye, hancina na daskarewa,
da sunan mutum a hannuna
wanda ban samu na mayar masa ba.