Ruwan Awo

Ni magini ne, a unguwar Zariya ta Maradi.
Tiyo nake cikawa da ruwa,
Nomau ya riƙe baki guda, in riƙe guda,
inda ruwa ya tsaya, nan nake jan layi.
Shekara sha bakwai bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Ga ɗana Tsayabu, shekara ukku,
tsayuwa ta gagare shi.
Daga ƙofar ɗaki zuwa randa taku tara ne,
a na biyar sai ya karkace
kamar bangon da aka aza da dare.
Gwiwa duk tabo.
Na ce rawar kai ce. Uwarsa ta ce ƙafa ce.
Na kira shi bai waiwayo ba,
na daka masa tsawa.
Allah ya yafe mini wannan.

Likita ba ta ko dubi ƙafar ba.
Ta haska ƴar fitila cikin kunne,
ta ce mura ta tafi, ta bar ruwa
kwance bayan dodon kunne.
Yana jin mu kamar daga ƙasan rijiya,
ƙasa kuma tana yi masa lilo.

Ashe shi ma da ma'auninsa a ka.

Ta sa mana ranar komawa.
Kafin nan, in na sauko daga gini,
sai in durƙusa daidai fuskarsa in yi magana,
in miƙa masa yatsa mai kaushin siminti,
mu tafi randa tare.
Jiya taku bakwai ya yi kafin ya kama.