Daƙiƙa Sittin

Ina da shago a Yalwa, cikin Garwa:
tebur ɗaya, fanka ɗaya, tsohuwar kwamfuta ɗaya.
Takardar haya, neman aiki, ƙarar iyakar gona,
ni nake buga wa mutanen unguwa.

In an bar ta ita kaɗai, baiwar Allah ce,
ta wuni tana aiki, ko tari ba ta yi.
Amma da na soka mata makullin intanet,
fitilarsa ta yi shuɗi,
sai wani akwati ya ɓullo a tsakiyar allo
yana ƙirga mini daƙiƙa sittin da Faransanci,
kamar mai bin bashin da ya san gidana.
Hamsin da tara. Arba'in. Sha ɗaya.
Ɗif.
Sai fuskata a cikin baƙin gilashi.

Na ce zafi ne, ai bazara ce,
Binuwai ma ta ja da baya ta bar rairayi.
Na ɗora ta kan bulo biyu, na ba ta fankata, ni na sha gumi.
Ta mutu.
Na ce 'yan wuta ne, na zage su tas,
na aro batir wurin mai cajin waya.
Ta mutu.
Na kwance cikinta, na hure da bututun biro,
na tarar da gawar kyankyaso, na ce yawwa, ga ɓarawon.
Ta mutu, a kan sittin ɗinta cif.

Ga Dudu mai albasa kan benci tun hantsi,
sunan 'yarta za a shigar jarrabawa, Alhamis ake rufewa.
Ba ta ce uffan ba.
Da ma zagina ta yi.

Hamajoda ya iso bayan azahar,
ya jingine babur, ya saurare ni har na gaji.
Ya ce, "Wanda ba ya suma sai an buɗe ƙofa,
ba zazzaɓi ke damunsa ba.
Akwai wani a ɗakin da ke kiran na waje."

Ya zare makullin tukuna.
Ya tashe ta ta ƙaramar hanya,
inda take farkawa ba kwalli ba janbaki,
haruffa manya-manya kamar allon 'yan aji ɗaya.
Ya buɗe jerin masu aiki a cikinta,
yana bi da yatsa:
"Wannan ɗan gida ne. Wannan ma.
Wannan fa, rigar gida ya sa,
amma harafi ɗaya ya yi wa sunansa yawa."

Na ce wallahi Sa'adu ne, ɗan ƙanwata,
shi da wasannin ƙwallonsa na kyauta,
yau sai na karya masa yatsu.
Hamajoda ya duba ranar da baƙon ya sauka.
"Talata. Sha ɗaya da kwata na dare.
Wa ke kwana da mabuɗin shago?"

Fanka ta yi ta juyawa.
Na tuna saƙon nan mai walƙiya:
ka ci sabuwar waya, latsa nan.
Na latsa.
Sau biyu ma, don na farko ya yi nawa.

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa.
Ya ciro fulash daga aljihun gaba,
maganin da ya sabunta a wata na'ura mai lafiya.
Awa ɗaya da rabi, butar shayi biyu,
ƙwari huɗu suka faɗa raga.
Ya toshe ramukan da na shekara ina cewa sai gobe,
ya ce in canja kalmar sirri,
in daina sa sunan matata.

Na soka makulli. Shuɗi.
Babu akwati, amma ni na ƙirga a zuci,
hamsin da tara, sittin,
sittin da ɗaya.
Dudu ta miƙe ta faɗi sunan 'yarta harafi-harafi.

Da magariba na saya wa Sa'adu tsire na ɗari biyar.
Ya ce, "Kawu, na me?"
Na ce, "Ci kawai."