Dala Goma Sha Ɗaya

Yaron ya shigo da faifan rungume a ƙirji
kamar wanda aka ba riƙon jaririn maƙwabta.
Ya ce daga Osaka yake, jirgi uku ya hau
don ya ga hannun da ya buga wannan ganga.
Na miƙa masa. Ga shi nan, na ce,
yanzu ko maɓallin riga sai Verlene ta ɓalla mini.

Ya ɗora allura. Faifan ya yi gyaran murya,
ya yi ƙauri irin na kifi cikin mai,
sai ga Memphis ta hamsin da tara
ta faɗo mini falo ba sallama.

Bayan shagon aski muka yi shi,
a ɗakin da Mista Gaither ke shanya tawul.
Kwalayen ƙwai a bango, makirufo ɗaya tal,
mu shida kewaye da shi kamar masu jin ɗumi.
Lucius Tarver da saksafon ɗin aro,
Hosea a kan fiyano mai haƙora biyu matattu.
Ozella Pettway ta tuɓe takalmi,
wai ba ta iya waƙa da ƙafa a ɗaure.
Muryar nan ta coci ce, ta ranar Lahadi,
daren Talata muka karkatar da ita.
Uwarta ba ta sani ba.
Har aka binne ta ba ta sani ba.

Lokacin abin ba shi da suna.
Daga baya 'yan jarida suka yi masa zanen suna,
wannan ya ce sol, wancan ya ce fank.
Mu dai kuɗin haya muke nema.

Yaron ya ɗaga yatsa. Nan! Saurari nan!
Inda kowa ya yi tsit, ganga ta rage ita kaɗai,
ta yi ɗingishi, ta tsallake taki ɗaya, ta dawo.
Ya ce daƙiƙa huɗun nan
an yanka su, an ɗinka a waƙoƙi fiye da ɗari,
ana taka rawarsu a garuruwan da bakina bai iya faɗa.
Yaya aka yi dabarar ta zo maka?

Ba dabara ba ce, ɗana.
Tun asuba nake jan ƙanƙara a masana'anta,
yatsu suka sandare, sanda ta suɓuce,
na cafke ta a iska kafin ta kai ƙasa.
Mista Gaither ya ce babu kuɗin sakewa.
Dala goma sha ɗaya ya ba ni, da aski kyauta.
Kai nawa ka saye shi?

Ya faɗa.
Verlene ta dire butar shayi ta fita baranda.
Kura da shan bugu, na ce, na yi shiru,
sauran maganar ta tsufa, ni ma haka.

Abu ɗaya na roƙe shi:
kai allurar can ƙarshe, bakin rami,
bayan kakakin Lucius ya mutu.
Akwai numfashi biyu kafin a kashe na'ura.
A nan Ozella ke fashewa da dariya,
tana cewa, Cleophus, ka kashe mu!

Shekara talatin ke nan tana kwance a bayan coci
babu wanda ya yanki wannan ya ɗinka a ko'ina.
Ya mayar. Na ce ƙara.
Ya mayar.
Motarsa ta ƙarfe shida ta wuce muna ji.