Mai Kunne Takwas

Fam talatin na saye ta a hannun wani Declan,
ranar Lahadi, a kasuwar gwanjo ta titin Walton, nan Hull.
Ya ce kunnenta na shida yana gardama.
Na ce ba komai, ni ma haka nake.

Tsawonta bai cika kamu ɗaya ba.
Kunnuwa takwas na murɗawa,
'yan silalo takwas masu hawa da gangara,
da maɓallai da ke yin ja kamar garwashi in an taɓa su.
Cikin ledar burodi na kawo ta gida.

Daren farko na danna, na kasa kunne, shiru.
Na murɗa, shiru.
Ashe bebiya ce, ba ta da muryar ko da sauro.
'Yar aike ce kawai:
ta bi waya da gudu ta ce wa kwamfuta,
"Sallau ya ce ki ƙara,"
"Sallau ya ce ki sassauta."
Shekara tara ina ƙasar nan,
ban taɓa samun mai kai maganata yadda na faɗe ta ba
sai ita.

Na raba musu aiki da farin salatif da biro.
Na ɗaya, ganga.
Na biyu, ruwan da ke dukan tagar rufina,
wanda na ɗauka da waya wata Laraba da barci ya ƙi zuwa.
Na uku na ba shi gurnanin firjin kamfanin kifi
inda nake tsayuwa daga shida zuwa biyu;
in na kwantar da shi ƙasa-ƙasa, har daɗi yake yi, munafuki.
Na biyar, dariyar yayata Ladidi,
na yanko ta daga saƙon da take neman kuɗin haya.
Kuɗin na tura. Dariyar na riƙe.
Na shida ban ba shi komai ba.

Tebur ɗin, rabinsa kwanon abinci, rabinsa situdiyo.
Yatsuna na ƙarnin kifi duk da sabulu,
amma a nan su ne masu gari.
Ɗan yatsa ya tura, ruwa ya cika ɗaki.
Ya janyo, gari ya washe.

Da abin kunne nake yi, don bangon gidan nan takarda ne.
Sai ga ƙwanƙwasa, sha ɗaya da kwata.
Maureen ce ta ƙasa, da rigar barci da sandarta.
Ta ce, "Wata uku ke nan ina jin ƙafarka a kaina,
dum, dum, dum,
ban ji waƙar ba ko sau ɗaya.
Ko ka daina, ko ka ba ni sauran."

Na share mata kujera.
Abin kunnen ya yi wa kanta yawa, ta tallafe shi da hannu ɗaya.
Ɗayan hannun, mai rawa, ya yi ta lalube
ya tsallake ganga, ya tsallake ruwa,
ya sauka kan na biyar.
Ta tura shi har ƙarshe.
Daga inda nake tsaye ina jin Ladidi tana tsiyayowa ta gefen kunnenta.

Ta ce, "Wace ce wannan?"
Na faɗa mata.
Ta ce, "Me aka ce mata haka?"
Wallahi na manta.

Kafin ta sauka ta nuna na shida da haɓa.
Na ce ya lalace, yana tsalle shi kaɗai.
Ta buga sandarta a ƙasa sau biyu, ƙwas, ƙwas,
ta ce in ɗauka.

Yanzu a kansa take.
Takan shigo inda ba a kira ta ba,
ta ɓace a tsakiyar baiti,
ni kuwa na bar gyara shi.