Gingimarin da Ta Dawo Wayam

Shekara ashirin da takwas ina kan teburin nan,
ni ke buga hatimi, ni ke kiran direba.
In aka ce an ɗago ma'aikaci zuwa Auyo,
kafin ya yi sallama na gama lissafi:
gingimari guda, gida mai ɗaki uku,
rijiya a tsakar gida, firamare kusa,
inda iyali za su kai markaɗe.
Na ɗauko gadon ƙarfe, na ɗauko randa,
na taɓa ɗauko akuya mai ciki,
ta haihu a hanyar Kafin Hausa.

Sai ga takardar Mudassir, malamin gona.
Na tura Talle Kano tun da asuba.
La'asar sakaliya motar ta shigo,
bayanta ba komai sai igiya da tamfol,
yaro a gaba, jaka ɗaya a cinya.

Ya gaishe ni har ƙasa, sannan ya ce,
"Baba, akwai sabis?"
Na ce, "Makon jiya aka yi wa motar."
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Na ba shi mukullai uku.
Kwana ɗaya ya dawo mini da biyu.
Ya ce gidan ya yi masa yawa
kamar babbar rigar mahaifinsa,
in ya yi tari, ɗakin can ke amsawa.
Sati shida ya yi. Ya tafi ba faɗa.
Haulatu mai awon ƙasa ta biyo baya,
ita ko yankan shinkafa ba ta gani ba.

Na ce 'ya'yan yanzu ba su da jimiri,
na faɗa a masallaci, na faɗa wurin mai shayi.

Wata ranar Laraba, a bakin kanal,
wani yaro mai kiwo ya nuna mini suri.
Ya ce, "Nan malamin gona yake tsayawa,
bayan isha, hannu sama kamar mai addu'a,
yana kiran uwarsa, ko ta sha magani."
Na duba. Ƙafarsa ta cinye kan surin,
ta bar gurbi biyu, ruwa ya kwanta ciki.
Na daɗe ban ce komai ba.

Da na uku ya zo, Nafi'u ɗan Gwarzo,
ban miƙa masa mukulli ba, tabarma na shimfiɗa.
Na ce, "Faɗa mini, ni zan rubuta."
Ya ce ɗaki ɗaya, amma kusa da mutane.
Wutar sola, don yana karatu da dare.
Babur maimakon kuɗin gingimari.
Juma'a ɗaya a wata ya leƙa gida.
Da wanda zai kai shi ya gaida manoma,
don baƙo ko da ido makaho ne,
kuma shi yana jin nauyin shiga zaure shi kaɗai.

Na kai wa shugaba. Ya ce babu a tsari.
Na ce tsarin ma wani ne ya zauna ya rubuta,
kuma na san shi, yana da mata da akuya.
Sau huɗu na koma kafin ya sa hannu.

Yanzu gidan nan mutum uku ne a ciki.
In na wuce da dare ina jin gardamar ƙwallo,
ƙamshin taliya da manja, wani na haddar darasi.
Talle yana gunaguni, motarsa na tsatsa,
na ce ya koya wa Nafi'u tuƙin babur a yashi.

Jiya autana ya turo saƙo daga Taraba,
can aikinsa ya kai shi tun bayan Sallah.
Ya ce, "Baba, sun ba ni gida babba."
Na rubuta, "Madalla." Na goge.
Na fita na hau surin nan,
na sa ƙafa a gurbin Mudassir,
na kira shi.